Yadda za ka bi labarin Tekken ba ka rikice ba

A shagon gem ɗinmu na Mabera, nan Sakkwato, kullum sai an yi musu kan wa ya fara jefa wani a labarin Tekken, gem ɗin faɗa. Ƙanena, fara daga Tekken na 1994. Heihachi ne ya jefo ɗansa Kazuya daga kan dutse yana shekara biyar, Kazuya ya girma ya rama. A na biyu Heihachi ya dawo ya cilla shi cikin dutse mai aman wuta. Jin, jikan Heihachi, sai a na uku ya bayyana.

Bidiyon ƙarshe na kowane ɗan faɗa ba hujja ba ne, duba abin da wasa na gaba ya tabbatar. Wasan Tekken Tag Tournament kuwa ajiye shi gefe, ba ya cikin labarin. Ni littafi na saya, ina rubuta wanda ya ci gasar faɗa ta cikin kowane wasa.