Gaba, tsakiya ko baya: inda muke kuskure a zancen injin motocin gudu

Tun da aka fara tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda a Disambar 2021, hirar yaranmu a sana'iyya, wato unguwar garejin gyaran motoci a nan Saudiyya, ta sauya. Da an zauna shan shayi bayan la'asar sai musu ya kaure kan wane inji ne zai ci kasuwa nan gaba. Ina jin daɗin musun, amma akwai kurakuran da nake ji ana maimaitawa, wasu ma har suna jawo asarar kuɗi.

Wanda ya fi yawa shi ne ƙirga silinda, wai wanda ya fi yawa ya fi ƙarfi. Ferrari 296 GTB da ta fito a 2021 silinda shida gare ta da injin lantarki, ƙarfin dokinta 830, alhali Ferrari F8 mai silinda takwas 720 ce. Sai dai kada a ce ƙaramin inji ya gama cin yaƙi. Mercedes-AMG ta cire V8, wato inji mai silinda takwas, daga motarta C63 ta sa silinda huɗu da batir, ƙarfi ya kai 680, amma nauyin motar ya haura tan biyu, masoyanta da yawa suka juya mata baya. Bugatti kuwa a 2024 V16 ta sa wa Tourbillon. Idan ka tambayi ƙarfi, ka tambayi nauyi, ka kuma tambayi inda nauyin ya zauna.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Mutane sun ɗauka inji a tsakiya, wato bayan kujerar direba, ya fi kowane tsari. Gaskiya yana danne tayoyin baya su kama kwalta, shi ya sa Corvette ta mayar da nata can a samfurin 2020 bayan shekaru sittin da wani abu yana gaba. Amma irin wannan mota ba ta da haƙuri. Wanda ya saba da Camry, ya shiga kwana da gudu, ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur lokaci guda, nauyi zai koma gaba, baya ya yi sakayau ya wulwula da shi kafin ya ankara. Porsche 911, da injinta ke can bayan tayoyin baya tun 1963, da wannan hali aka santa. Gyaran shi ne a taka birki tun kafin kwana, a shiga da ƙafa a daidaice. Kuma kada rowa ta sa a sa tayoyi girma ɗaya gaba da baya. Faɗin na baya ba ado ba ne.

Sai zafi, wanda mu a nan ba mai ba mu labarinsa. Wata rana aka jawo mana mota mai inji a tsakiya tana tafasa. Yarona ya buɗe baya yana ta leƙe, ya ce: “Mu'allim, ban ga lagireto ba.” Na kama hannunsa muka zaga gaba, muka durƙusa. Ga shi can ƙasan hanci, leda da yashi sun toshe shi kamar an yaɓe da laka. Da yawansu a gaba lagireton yake, ruwa na bin dogayen bututu ta ƙarƙashin mota. Wanda ya zuba ruwa kai tsaye kamar a tsohuwar Hilux zai bar iska a ciki, zafin ya dawo. A zuƙe iskar da na'ura tukuna, a riƙa wanke gaban duk lokacin sabis, fetur kuma a sha mai lamba 95, na jan famfo.

Inda aka dosa yanzu, inji ba a wuri ɗaya yake ba. Corvette E-Ray tana da V8 a tsakiya, lantarki na jan tayoyin gaba. Lamborghini Revuelto ta 2023 V12 ce da injinan lantarki uku, biyu a gaba. Don haka cire kan batir ƙarami ba ya nufin ka kashe wutar mota. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo wuta ce mai kisa, ba a taɓa ta sai da safar hannu ta musamman, bayan an katse babban batir yadda kamfani ya tsara. Na hana yarana kusantar irin waɗannan motoci da tiyon wanki, ko da mai ita na tsaye yana sauri.