Yadda Ake Duba Leɓen Kare Idan Launinsa Ya Canja

Yawancin karnukan gadi da na farauta leɓensu baƙi ne, kuma baƙin yana samuwa ne daga sinadarin melanin, wanda yake ba fata kariya daga rana. Sau da yawa koɗewar wannan launi ba abin tayar da hankali ba ne, amma ba a gane hakan sai an duba bakin a tsanake.

Kafin komai, a lura da karen daga nesa. Idan yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiyar ruwa, ko ya fara kai wa mutanen gida cizo, kada a kai hannu bakinsa ko kaɗan, domin waɗannan suna cikin alamun cutar haukan kare. A kulle shi, a kira likitan dabbobi.

Idan yana cikin hayyacinsa, sai a sa safar hannu, a kai shi wuri mai haske, a ɗaga leɓen sama a dubi dasashi, wanda a ganina ya fi leɓen kansa faɗin gaskiya. Dasashin lafiyayyen kare ja-ja ne mai danshi, kuma idan aka danna shi da yatsa ya yi fari aka saki, jan yakan dawo cikin daƙiƙa 2. Wanda aka haifa da baƙin dasashi, sai a ja fatar idonsa ta ƙasa a dubi cikinta. Fari fat yana nuna ƙarancin jini, kuma a wajenmu kaska da tsutsar ciki ne suka fi jawo shi, don haka a duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu inda kaska take laɓewa. Rawaya alamar shawara ce, shuɗi kuma yana nufin iska ba ta isar jini, ja wur tare da haki a tsakiyar bazara kuwa zafi ne ya buge shi. Dukkansu ba a kwana da su a gida.

Sai an tabbatar dasashi lafiya lau sannan a koma kan leɓen, a shafa wurin da ya canja. Idan sumul yake, babu kumburi, ciwo ko wari, yana iya zama tsufa, tabon tsohon rauni, ko koɗewar fata irin ta vitiligo wadda ba ta da zafi. Wasu karnukan kwanon roba ne ba ya karɓar fatarsu, saboda haka a sauya shi da na ƙarfe marar tsatsa, a riƙa ɗaukar hoton wurin da waya kowane mako, domin ido yana saurin sabawa da abin da yake gani kullum.

Amma idan wurin ya taso kamar ƙari, yana zubar da jini, ya yi ɓawo, ko koɗewar tana yaɗuwa zuwa hanci da gefen ido, a tafi asibitin dabbobi cikin 'yan kwanaki. Baƙin ƙari a bakin tsohon kare yana iya zama sankarar melanoma, wadda take saurin bazuwa. Kada a shafa masa baƙin mai kamar yadda wasu suke yi, kada kuma a ba shi ibuprofen, domin yana lalata ciki da ƙodar kare. A tafi da hotunan da katin rigakafinsa, a kuma gaya wa likita ranar da aka fara ganin canjin.