Yadda ake ƙidayar tsuntsayen kurmi daga gindin dutse zuwa ƙololuwa

Wanda ya tashi daga garin Serti a jihar Taraba ya nufi Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya (mita 2,419), kunnensa ne zai fara gaya masa cewa tsuntsaye sun sauya. Ga yadda za ka mayar da abin da kunne ya ji ya zama lissafi.

Da farko ka nemi izini a ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti da ke Serti, a haɗa ka da ma'aikacin daji. Kada ka shiga kai kaɗai.

Sai ka raba hawan zango-zango, kowane zango mita 300 na tsawo. GPS ɗin waya ya isa ya nuna maka inda kake. A kowane zango ka ware wuraren tsayawa, tsakaninsu aƙalla mita 200, don kada tsuntsu ɗaya ya shiga littafi sau biyu.

Aikin na sammako ne. Da an idar da sallar asuba ka kasance a wurin, domin hantsi na yi bakin tsuntsaye ke mutuwa. Ka tsaya cik na minti 10, ka rubuta duk wanda ka gani ko ka ji a cikin mita 50. A kurmi ganye ya rufe ko'ina, galibinsu da kuka za ka gane su; wanda ya shige maka duhu, ɗauki muryarsa a waya, ka faɗi lambar wurin tsayawar da lokaci a ƙarshen ɗaukar. Ranar iska ko ruwa kuwa, ka haƙura.

Ka riƙe rigar sanyi, don kowace mita 100 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 0.6.

Wajen haɗa lissafi ne mutane ke yin gaggawa. Yawanci jinsuna sun fi yawa a ƙasa, sai a ɗauka sama ba ta da komai. A'a. Duba sunayen: wa ya ɓace a mita 1,200, wa ya maye gurbinsa? Kabaren Bannerman, mai ruwan ɗorawa da baƙar fuska, a bakin kurmin tudu irin na Ngel Nyaki a Mambila ake samunsa, ba ya zaman kwari.

Ka maimaita ƙidayar rani da damina a wuraren nan dai, saboda wasu tsuntsayen tudu kan gangaro ƙasa in yanayi ya juya.