Yadda nake yi wa Inna gashin gwiwa irin na mutanen Tailan

Lokacin da nake zuwa sarin kaya Bankok, babban birnin Tailan, akwai wata dattijuwa mai sayar da abinci a bakin masaukinmu. Kullum in ta tashi daga sana'a, sai jikarta ta kawo wani ƙunshi mai turiri, girman dunƙulen hannu, ta riƙa danna mata a gwiwa, ƙamshinsa ya cika lungun. Luk prakop suke kiransa. A wurinsu na koya, don a lokacin Inna ta koma salla a kan kujera. Likita ya ce guringuntsin gwiwarta ne ya zaizaye, ƙashi na gogar ƙashi.

Jigon haɗin shi ne plai, wani saiwa ɗan'uwan citta, cikinsa rawaya. Ga awon da jikar ta ba ni: plai giram 500, ganyen tsamiya 300, ɓawon makrut (wani irin lemon tsami na can) 200, kurkum 100, ciyawar shayi mai ƙamshin lemo 100, gishiri cokali 1, kafur cokali 2. Plai da makrut ba ma samunsu a nan, shi ya sa nake sayo busasshen ƙunshi haɗaɗɗe daga can. In ya ƙare nakan sa citta da ɓawon lemon tsami, amma gaskiya ba ɗaya ba ne. Citta ta fi cin fata, don haka rabin awo nake sawa.

Ki wanke kayan, ki yayyanka, ki daka a turmi sama-sama. Kada ya yi laushi, so ake ya farfashe kawai. Gishiri da kafur su ne na ƙarshe. Ki raba biyu, kowanne a farin ƙyallen auduga, ki tattara bakin ki ɗaure tamau da zare, ki naɗe saman ya zama mariƙi. Biyu ake yi domin ɗaya na aiki ɗaya na kan wuta. Ki turara a madambaci minti 15 zuwa 20. In busasshe ne, sai kin yayyafa masa ruwa ya jiƙa tukuna.

Sai batun zafi, wanda a kansa nake roƙonki ki nutsu. Ranar da na fara, daga saukewa na ɗora wa Inna na danne. Ba ta ce uffan ba, kin san kawaicin iyayenmu. Washegari na ga jan tabo a gefen gwiwarta, ya yi mako bai baje ba. Har yau abin na taɓa min zuciya. Fatar tsoho siririya ce, kuma ba lallai ya faɗa miki ya ƙone ba. Yanzu sai na gwada a cikin damtsena. Da farko nakan shimfiɗa ɗan tawul a kan gwiwar, in riƙa taɓawa ina ɗagawa da sauri. In zafin ya sassauta sai in cire tawul ɗin, in danna a hankali ina zagaya ƙoƙon gwiwa, in hau cinya, in gangaro sha-raɓa, don naman da ke riƙe da gwiwar shi ma a ɗaure yake. Da ya huce sai a musanya. Minti 20 ya isa, kuma kada ta yi wanka nan take.

Ranar da gwiwa ta kumbura, ta yi ja, tana zafi in an taɓa, ba ranar gashi ba ce, ƙara hura wutar zai yi. Haka in akwai rauni, ko an faɗi a ranar. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa kuwa, kada a yi masa sai likita ya amince.

Su kansu 'yan Tailan ba su bar abin a hannun tsofaffi kaɗai ba, ana yinsa a asibitocin gwamnati. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ciyan Mai sun wallafa gwajin da suka yi wa mutum 60 masu wannan ciwo na mako 3: wasu tausa, wasu gashi, wasu ƙwayar ibuprofen, kuma duka rukunin uku sun sami sauƙi. Gwajin ƙarami ne, amma ya kwantar min da hankali, don maganin ciwon jiki ya fara damun cikin Inna. Ban hana ta ganin likita ba, guringuntsin da ya tafi kuma ba ganye ne zai dawo da shi ba.

In kin gama, ki bar ƙunshin ya tsane, ki sa a leda cikin firji. Kwana 3 zuwa 5 yake yi; da launin rawayan ya koɗe ko ya fara tsami, ki zubar. Ni bayan la'asar nake yi mata, sau uku a mako. Har yanzu a kujera take salla, sai dai tana kwana ba juye-juye, da asuba kuma da kanta take takawa ta ɗauko buta.