Masu hayar mota ta manhaja a Jamus, a duba kafin a latsa

'Yan uwa mazauna Jamus, motocin da kuka saba gani a manhaja sun canza fa. Tun da kamfanin ƙera motoci na Stellantis ya sayi kamfanin hayar mota na Share Now a 2022 ya haɗe shi da nasa mai suna Free2move, BMW da Mini suka yi ta raguwa, Fiat da Peugeot da Opel suka maye gurbinsu. Kafin ka kama mota, duba giyarta. In lasisinka na otomatik ne kaɗai, doka ba ta yarda ka tuƙa mai giyar hannu ba. Mai lantarki kuwa, duba cajinta tukuna. Fiat 500 ga kyau ga sauƙin fakin, amma but ɗinta ba ya cin manyan akwatuna biyu, kar ka je filin jirgi ɗauko baƙi da ita.