Babi na Huɗu: Lambar da Ba a Faɗa wa Kowa

Darasi na 1

Ƴan uwa, kowa ya ɗauko salularsa ya riƙe a hannu. Lambobi uku za mu rarrabe yau, don a nan ne na ga yawancinku kuna tuntuɓe.

Ta farko lambar wayarka ce, mai alƙaluma 8 a nan Nijar. Ba laifi ka ba wanda kake so ya kira ka. Ta biyu lambar sirrin asusun kuɗinka na waya ce, alƙaluma 4. Ta uku tana shigowa cikin saƙo idan ana buɗe WhatsApp, alƙaluma 6.

Ɗora yatsa a kan gilashin, ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Takwas ne? Bayar. Huɗu ne ko shida? Yi shiru. Sake ƙirgawa, ba gaggawa muke yi ba. Inna, ke ma ki ƙirga da babbar murya, babu kunya a neman sani. Madalla.

Wani zai kira ya ce ka ci kyautar jaka hamsin, ko ya ce: "Baba, na turo maka lamba bisa kuskure, karanta mini." Kada ka karanta. Da lambar nan mai 6 zai buɗe WhatsApp ɗinka a tasa wayar, ya roƙi ƴan uwanka na Kano da Agadas kuɗi da sunanka, su kuma su tura don sun ga hotonka. Ko ya ce daga kamfani yake, kada ka karanta. Ko ya gaishe ka da sunan mahaifinka, kada ka karanta. Katse kiran kawai.

Idan karatun saƙo bai zauna maka ba tukuna, nemi mutum ɗaya na cikin gida da ka amince da shi. Wajen cire kuɗi kuwa, karɓi wayar ka danna lambar da hannunka, ka kare da tafin ɗayan hannun.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Makon jiya na ga an rubuta lambar sirri a takarda, an manna ta a bayan waya. Wa ke kulle ɗaki ya rataye makulli a ƙofa? Wasu kuma har yau 1234 suke sa wa. Ku canza ta kafin mu sake haɗuwa.

Mu maimaita tare: takwas a bayar, huɗu da shida a rufe baki.

Darasi na 2

Kafin ka bar waya wurin mai caji a kasuwar Dole ta Damagaram, kulle ta ko ka kashe ta. Hotunan iyalinka da muryoyinka duk suna ciki. Kada ka tura hoton katin shaidarka ga wanda ba ka sani ba. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, amma hoton da ya fita ba ya dawowa.

Darasi na 3

Waya ta san inda kake. Idan wasan da yara suka sa a wayar ya nemi izinin sanin wurinka, danna "a'a".