Yadda Ake Gano Matsalar Lasifika Mai Amfilifaya a Ciki Kafin a Kai wa Mai Gyara

Yaran da ke koyon aikin sauti a wuraren biki da wa'azi, da zarar lasifika ta yi shiru ko ta fara ƙugi, sai ka ji "Oga, ta ƙone." Galibi ba ta ƙone ba. Irin wadda nake nufi ita ce mai amfilifaya a cikin akwatinta, kamar JBL EON, QSC K12.2, Yamaha DXR ko Mackie Thump: wayar wuta ɗaya, wayar sauti ɗaya daga mikisa (na'urar da ake jona makirufo a haɗa sauti), shi ke nan.

Mataki na farko, ka san inda laifin yake. Idan ta hagu ta yi shiru, ta dama tana aiki, cire wayar sauti, wato XLR, ta dama ka sa wa ta hagu. In ta yi magana, lafiyarta ƙalau, koma kan waya ko mikisa. Wayar nan ƙafa uku gare ta: ta 1 ta ƙasa ce, ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da sauti. Ɗaya ta saki dalma, sauti zai ragu ko ƙugi ya shigo. Kada ka je aiki babu wayoyin ajiya, sun fi kuɗin motar kai akwati shagon gyara arha.

Na biyu, idan ko fitila ba ta kawo ba. Sauya wayar wuta da soket tukuna. Wasu akwatunan suna da ɗan aljihun fiyus a bakin inda wayar wuta ke shiga. In ya tsinke, nemo mai lamba daidai da wadda aka rubuta a jiki. Ban da naɗa masa zaren waya ko takardar sigari. Sabon ma ya sake tsinkewa? Tsaya nan, matsalar tana ciki. Janareta kuwa, bar shi ya daidaita kafin ka jona, kuma kada ka haɗa layi da firji ko injin ruwa.

Na uku shi ne inda na fi ganin ana asara, wato daidaita ƙarfin sauti. A bayan akwatin akwai maɓalli ko abin murɗawa mai rubutun Mic da Line. Abin da makirufo ke fitarwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, na mikisa kuwa yakan kai kusan bolt 1.2, ya ninka wancan sau ɗaruruwa. Yaro ya jona mikisa alhali maɓallin yana kan Mic, sai murya ta riƙa fashewa tun ba a ɗaga komai ba, shi kuma ya ce lasifika ta yage. Mayar da shi Line.

Sannan ka bi wannan tsari, ni ban yarda da wani ba. Rage maɓallin ƙarar lasifikar har ƙasa. Ba mai magana makirufo, ka ce ya ɗaga murya kamar yadda zai yi in taro ya cika. Nan ne wayo yake, domin MC yakan ce "gwaji, gwaji" a hankali, amma da amarya ta shigo sai ya ɓarke da ihu. Murɗa gain ɗin layinsa a mikisa, wato maɓallin ƙarfin shigar sauti, har fitilun mikisa su riƙa wasa a kore, suna leƙa rawaya jefi-jefi. Babban makunnin ƙarar mikisa ya tsaya kan alamar 0, ba can ƙasa ba. Sai a ƙarshe ka ɗaga lasifikar iya yadda fili ke buƙata.

Daga nan idonka na kan jar fitilar da aka rubuta wa Limit ko Clip. Ƙiftawa sa'i-sa'i ba komai. In ta zauna ja, akwatin ya kai iyakarsa, ƙarin murɗawa zafi kawai yake ƙarawa. Kuma sautin da ya riga ya fashe tun daga mikisa, na'urar kariya ta cikin lasifikar ba ta gyara shi. Haka zai wuce ya gasa siririn koyil ɗin tiwita, wato ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siraran sauti. Alamar ƙonewarta ita ce murya ta dushe kamar an toshe bakin mutum da filo, ganga na fita amma kalmomi ba sa fita. Rage ƙara sosai, kara kunnenka a bakin hon ɗin sama. In shiru, diyafram ne, wato ɗan faifan tiwita mai ɗauke da koyil ɗin, kuma ana sauya shi shi kaɗai, sai dai ka nemi na ainihin samfurin. Taro ya fi ƙarfin akwati biyu? Ƙaro akwati, ko ka ɗaga su kan sanda sama da kawunan jama'a, domin jikin mutane yana shanye siraran sauti.

Na huɗu, ƙugi. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita kake ji. Cire wayar XLR daga akwatin. In ƙugin ya ɗauke, daga waje yake shigowa. Jona mikisa da lasifiku a layin wuta ɗaya, ka raba wayoyin sauti da na wuta. In akwai kwamfuta, zare cajarta ka saurara. Ta tabbata ita ce, sayi ɗan akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin kwamfuta da mikisa, mai maɓallin raba ƙasa. Masu karya ƙafar ƙasa ta filogi suna neman makirufo ya ja leɓen liman ne.

Sauran a taƙaice. Kukan shewa: a mayar da makirufo bayan lasifika, kuma a daina dunƙule kansa da tafin hannu. Ta yi aiki awa guda ta ɗauke, bayan ɗan lokaci ta dawo: zafi ne, kai ta inuwa ka share ƙurar hunturu daga fankarta da ƙarfen bayanta. Wajen kunnawa mikisa ce farko, lasifika ƙarshe; wajen kashewa a juya. In ka ji warin ƙuna, cire wuta ka kai wa mai gyara, kada ka buɗe da kanka, kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi.